Latas Ɗina Akuya Ta Ci, Nashi Kaka Ta Ci

Baffa na riƙe da wuyan rigata, akuya na lasar farin kirim a bakinta, Goggo na salati da hannu biyu a ka, sai liman ya ɗaga murya daga zaure ya ce, "Subhanallahi, lafiya cikin gida?"

Ina fa lafiya. Ranar sadakar ukun Kaka ce, a gidanmu na Ƙofar Marke. An shafa addu'a, mu jikoki muna ta jigilar abinci daga cikin gida zuwa waje, tuwon dawa da miyar sure da masa. Sai ga taubashina, ɗan Goggo, ya shigo da wani ƙaton faranti an rufe da leda. Salak ne. Latas, kabeji, karas, kokwamba, an jera su gwanin kyau kamar za a ɗauke su hoto. Wata mata cikin masu gaisuwa, wadda ni ban taɓa ganin ƙafarta a gidan ba, ta dafe ƙirji ta ce, "Allah sarki, ga abincin da marigayiya ta fi so."

Wallahi ban san sanda na aje kwanon da ke hannuna ba. Na karɓi farantin kamar mai taya shi, na zaga bayan madafa, na dire shi gaban akuyar Kaka. Ita kuwa ba ta tsaya jiran bisimilla ba.

Kowa da abin da ya ce. Goggo ta ce ta daɗe da sanin ba ni da kunya, amma ba ta san ba ni da imani ba. Matar Baffa ta ce shaye-shaye ne, a duba idona. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, ƙawar Kaka tun suna amare, ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Anka ɗauka kuka take, har wata ta dafa ta tana ba ta haƙuri. Ni da ke kusa na ji, dariya ce. Kafin ka ce kwabo labari ya kai waje, ina jiyo wani abokin Baffa mai sayar da yadi yana cewa, "Ku bar su, wasan taubasai na. Ɗan mace da ɗan namiji, ko a maƙabarta sai sun taɓa." Liman ya ce wasa ko ba wasa ba, almubazzaranci ne. Wani daga bayan tabarma ya ce, "Allah gafarta malam, ai akuyar ma marainiya ta zama, sadaka ta isa wurin mai ita."

Baffa ya ji an samo mini mafita. Ya sassauta riƙon, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ka ce wasa kakai, a wuce wurin. Mutane na kallo."

Na ce, "Ba wasa nake ba."

Shi kuwa taubashin nawa ko kallona bai yi ba. Ya duƙa ya janye farantin daga bakin akuya, ya kai bakin rijiya ya wanke shi tas, ya sa a mota, ya koma cikin maza ya ci gaba da karɓar gaisuwa. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Ga kuma inda na cuci kaina. Ni ban ga rasuwar Kaka ba. Na bi motar albasa zuwa Kudu, wayata ta lalace a hanya, ko da na dawo har an kai ta makwancinta. A asibiti, sanda lokacin ya yi, Goggo ta fita alwala, Baffa na kan hanya. Mutum ɗaya ne a kanta. Shi ya laƙƙana mata kalmar shahada, shi ya ji abin da ta faɗa kafin nan. Ya ce wa mutane ta yi 'yan maganganu, bai ce komi ba bayan haka. Tun da na dawo tambaya ɗaya ke cin raina: cikin 'yan maganganun nan, akwai ni? Wanda ya san amsar kuwa shi ne na ba akuya abincinsa a gaban jama'a.

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ina rubuta wanga ne don kada a mance da Kaka, kuma don kada a riƙa tuna wata mata daban ana cewa ita ce.

Babana ya rasu ina goye, Umma ta yi wani aure, a ɗakin Kaka na buɗe ido. Na san warin ɗakin, daddawa da man shanu da turaren wuta. Na san inda take ɓoye goro, ta san na sani, take canja wuri, in sake ganowa. Ba ta kiran sunana sai na yi babban laifi. Kullum "mijin banza," ko "mijin da ba ya cehwane." Irin wasan kaka da jika dai, amma nata da yaji. Da na bar makaranta na kama kabu-kabu, na bari na kama ɗinki, na bari na koma kabu-kabu, sai ta raɗa mini Ɗanye, ya bi ni har majalisa.

Ranar da na ce na gama da makaranta, Baffa ya rantse ba zan ƙara cin hatsinsa ba. Kowa ya zuba ido ya ga Kaka za ta sa baki. Ba ta sa ba. Ta ce rantsuwa ba abin wasa ba ce. Da yamma sai na ga ta hura wata 'yar wuta daban a ƙofar ɗakinta, ta ɗora ƙaramar tukunya, ta ɗebo gero daga wanda danginta ke aiko mata daga ƙauye. Baffa ya shigo ya tsaya yana kallo. Ta ce, "Hatsinka ka rantse kansa, ba nawa ba. Wuce." Haka ta yi ta yi mini tukunyata daban har Baffa ya huce ya yi kaffara. Amma kada ku ɗauka a sanyi na ci tuwon. Kowace loma da zaginta. "Ci, jakin Allah. Masu karatu na can na cin alli, kai ci tuwo."

In za ta ziyara Hubbare ni ke kai ta a babur. Ta damƙe rigata ta baya har maɓalli ya shaƙe ni, tana salati tana dukan bayana. "Ɗanye, ziyarar kabari nic ce, ban ce ka kai ni nawa ba!" In mun isa ta sauko ta ce ba ta ƙara hawa, wata Juma'a kuma ta aiko a kira ni. A hanyar dawowa sai mun tsaya gidan wani makaho da gidan wata mai jego ko mai takaba, ko wace ce a lokacin, ta ce in shiga da ƙullin daddawa ko garin kuka in ce ban san wanda ya aiko ba. Duk unguwa an san wanda ya aiko. Daddawar wa ke da wannan warin?

Sai tuwon Juma'a. Duk Juma'a bayan magariba, duk wanda ya fito daga cikinta, ko daga cikin wanda ya fito daga cikinta, sai ya zo ya ci tuwo. Ba gayyata ba ce, doka ce. Goggo ta taso daga Minanata da 'ya'yanta, Baffa ya rufe shago da wuri. Maza tirensu, mata tirensu, yara kwano guda, hannu ya yi ta karo da hannu. Matan gida su tuƙa tuwo, amma miya ba mai taɓa mata. Ko da ƙafafunta sunka fara kumbura, sai a kawo mata tukunyar gabanta tana zaune da maburgi a hannu.

Kuma duk wanda ya ce Kaka ba ta san ganye ba, bai taɓa hawa soron gidanmu bayan damina ba. Sure, zogale, lalo, rama, tafasa, kuɓewa yankakkiya, duk an shanya ba wurin taka ƙafa. Ni ke hawa in juya su, tana ƙasa tana ihu kada in tattake mata miyar shekara. Abin da ba ta yarda da shi ba ɗaya ne, ɗanye. Ko kwaɗo za ta yi sai ta tafasa zogalen ta matse kafin ya ga ƙuli-ƙuli. Takan ce, "Ganyen da bai shiga tukunya ba, bai shiga makaranta ba." Sai ta juyo ta dube ni. "Kai da shi duk ɗaya."

Wata rana gorin cefane ya ishe ni. Na yi sammako na tafi lambu bakin gulbi, na sa anka cire mini latas da karas a gabana, da raɓarsu da ƙasarsu, na haɗa da tumatir da albasa, na ɗauro a bayan babur ina jin kaina kamar wanda ya dawo daga Makka. Na sauke gabanta na ce, "Ga cefane, daga yau a daina yi mini gori."

Ta ware tumatir gefe, ta ware albasa. Ta ɗaga latas ɗin tana juya shi kamar ta tsinci takalmin wani. Ta ce, "Na ce cehwane, ka kawo min harawa. Ni kab biya sadaki ko wagga?" Ta nuna akuya, ta wurga mata. Duk gida anka kwashe da dariya, har ni. Ban ji haushi ba a lokacin, wallahi. Na ɗauka ra'ayinta ne, ra'ayin Kaka kuwa ko sarki bai juya shi. Daga ranar na zama sojanta. Duk inda anka yi gardamar salak, ko a teburin mai shayi ne, ina wurin ina cewa abincin dabbobi ne.

Sai taubashina ya gama karatun jinya.

Bari in faɗi abin da ke tsakaninsa da Kaka. Ya riga ni zuwa duniya da 'yan watanni, sai ya kwashe sunan Kakanmu namiji, mijinta. Kaka kuwa har ta koma ga Allah bakinta bai taɓa furta sunan mijinta ba. Don haka shi "Mai sunan Malam" ne. In ya shigo ta gyara mayafi, ta sa a shimfiɗa masa tabarma, tsokar da ta fi girma a miya tasa ce. Ni da ke kwana ɗakinta, in ɗebo mata ruwan alwala, in cire mata ƙaya, ni ne jakin Allah. Shi da ke zuwa Juma'a zuwa Juma'a da takalmi mai sheƙi, shi ne Malam. 'Yan watanni fa. Da Umma ta yi sauri kaɗan da ni ke kan tabarmar.

Ya zo da abin awon jini ya ɗaura mata a hannu, ya ce jininta ya hau, suga ma ya taɓa ta. Juma'ar da ta biyo sai ga shi da faranti. Ya aje shi tsakiyar tsakar gida kusa da tiren tuwo, ya ce, "Daga yau a rage gishiri da dunƙule, a rage man shanu. Kuma rabin abin da kowa zai ci ya zama ganye."

Na ce, "To ita miyar sure da mi anka yi ta, da ƙusa?"

Ya ce, "An dafa ta har ta mutu, an bi ta da kanwa. Amfanin da ke cikin ganyen ya tafi tun tuni."

Na ce, "Ya tafi ina? Tukunyar a rufe take."

Baffa ya dubi taubashina ya ce, "Ku ji min yaro. Da tuwo da miya anka gina garin ga. Kakanninmu wane kabeji sunka ci?"

Goggo ta ce, "Su kakannin a shago suke wuni zaune bisa kujera, Yaya? Ƙafa sunka taka, gona sunka noma. Kai dubi cikinka."

Baffa ya ja riga ya rufe cikin. Matarsa ta ce ita dai ba ta yankan abin da ba za a dafa ba, sai ka ce gidan da itace ya ƙare. Yara kuwa sun zagaye farantin suna leƙe saboda kirim ɗin. Na ɗaga hannu na ce, "Ku dakata. Bari mai gida ta yi magana." Ina murza hannu, ina satar kallon akuya, har na fara taya ta murna.

Kaka ta ce, "Mai sunan Malam, miƙo nan."

Ta wanke hannu. Ta ɗauki latas guda ta sa a baki. Ta yi ta tauna da sauran haƙoran da Allah ya bar mata, ta daɗe tana tauna, fuskarta kamar mai shan sabara. Ta haɗiye. Ta ce, "Madalla. Allah shi yi albarka."

Na tsame hannuna daga tuwo na fita. Ban taɓa barin tuwon Kaka a tsakiya ba sai ranar.

Da safe na tsare ta tana lazimi, na jira ta shafa. Na ce, "Kaka, tsakani da Allah. Nawa kin ba akuya."

Ta ce, "Na ba ta."

"Iri ɗaya ne fa. Nawa ma ya fi nashi, daga lambu na ciro, shi a bakin titi ya saya."

Ta ce, "Kai mijina na, ina iya ƙin abinka in kwana lahiya. Wancan ko sunan Malam garai. Malam ko maɗaci yab ba ni, sha nikai."

Na ce, "To ni ma sau ɗaya ki ci nawa mana."

Ta ce, "Tashi ka ban wuri, kana tsare min rana."

Na san abin da masu hankali za su ce, wai wanda ake zagi shi ne na jiki. An faɗa mini, na ji. Amma wanda bai taɓa tsayawa yana kallon ana shi wa wani albarka kan abin da anka yi masa dariya a kai ba, ya yi shiru kawai.

Daga nan salak ya samu gindin zama a tuwon Juma'a. Ba zan yi ƙarya ba, kumburin ƙafarta ya ragu, ko ganyen ne ko ƙwayoyin da yake ba ta, Allah masani. Yaran gida da ba sa kallon karas sunka koma faɗa a kansa. Shi ma taubashin ba don neman suna ya yi ba, tsoron rasa ta yake kamar kowa. Duk na sani. Amma har gobe ina nan kan bakana, ɗanyen ganye ba abokin tuwo ba ne. Tuwo da zafi, shi da sanyi. Tuwo da hannu, shi sai da cokali. Da cokali ya shigo sai ƙananan faranti sunka biyo shi, kowane yaro ya ɗebi nashi ya ja gefe, wani ma ya shige ɗaki gaban talabijin. Kwanon yara guda ɗin nan da munka girma a kansa, inda ake koyon kada ka ci gaban wani, kada ka riga babba ɗaukar nama, yanzu wanki ake jiƙawa a ciki. Wanga ba ya fitowa a abin awon jini.

Kuma Kaka ba ta taɓa son shi ba, ko da rana ɗaya. Duk Juma'a ta ci 'yan ganyenta ta yi godiya, in motar Minanata ta tashi ta ce, "Ɗanye, miƙo min goro in kashe ɗan'uwanka da ke maƙogwarona." Ni kaɗai take faɗa wa haka. Shi ya sa da matar nan ta ce wai abincin da marigayiya ta fi so, na ji kamar an sake binne ta, an binne ta da sunan wata. Miyar sure ta fi so, mai tsami, da ƙashin saniya, ta kwana a ɗumama da safe. A rubuta wanga a aje.

Ranar da zan bi motar albasa na iske ta zaune a rana tana tsinke sure a faifai. Ta ce, "Ina kuma?" Na ce Kudu. Ta ce, "Tahi, ƙahwar kare. In ka dawo ka iske na yi sabon miji kada ka yi min kuka." Na ce wa zai kwashi tsohuwa ba haƙori. Ta jefe ni da karan sure, na kauce, na fita ina dariya. Iyakarta ke nan tsakanina da ita. Ban san ko a kan gadon asibiti ta juya ta nemi wanda za ta jefa ba.

Bayan an watse sadaka, tsohuwar nan ƙawarta ta kira ni ƙofar gidanta. Ta ce, "Da tana nan da ta yi dariya har ta ƙware, sannan ta mare ka." Na ce na sani. Ta ce, "To dariyar na yi mata. Marin ka je ka nema."

Baffa ya yanke hukunci washegari. Tuwon Juma'a ba zai mutu ba, Goggo za ta karɓi maburgi. Salak kuma yana nan, tunda mai gidan da kanta ta sa masa albarka ba mai cire shi. Ni kuma ko in zo da ban haƙuri ko in nemi inda zan ci. Goggo ta ce ɗanta ba zai sake taka gidan ba sai ta ga abin da ya ture wa buzu naɗi. Kuma bai taka ba. Na wuce ta ƙofar gidansu a Minanata da fasinja, na rage gudu, na ga motarsa, na ƙara wuta. Ba ban haƙurin ke yi mini nauyi ba. Abin da ke bayansa ne. Shi ya samu sunan, shi ya samu tabarmar, shi ya samu albarkar, sannan maganarta ta ƙarshe ma a kunnensa ta sauka, sai na je na roƙa.

Allah ka jiƙan Kaka. Yadda ta hura wuta daban don maraya kada ya kwana da yunwa, ka haskaka mata kabarinta. Ka yafe mata zagin da ta yi mini, ni ban taɓa riƙe ko ɗaya ba, da za a ƙara mini ma ina so. Ka haɗa ta da Malam ɗinta a gidan da ba ciwo ba magani. Mu kuma ka kyautata namu zuwan.

Ɗazu bayan la'asar na faka babur gindin wata bishiya, na rubuta na goge, na rubuta na goge. Ga abin da na tura masa:

"Salamu alaikum taubashi. Abin da na yi ba wasa ba ne, da gangan na yi, kuma ban kyauta ba, ka yafe mini. Juma'a ka zo da abinka, ba zan ci ba amma ba zan taɓa ba. Abu ɗaya nake roƙo. Kai ke wurin. Ta ambace ni? Ko zagi ne ka faɗa mini yadda ta faɗa, kada ka gyara. In kuma ba ta ambace ni ba kada ka ƙaga mini don tausayi, zan gane. Na san bakinta."